Rediyon Baba a Bangon Dubai

Assalamu alaikum Yaya Ɗalhatu,

Ina Inna da jiki? Ina Sa'adiya da yara? Ni lafiya lau, tsayuwar kanti ce kawai ke kumbura min ƙafa, kada ka gaya wa Inna.

Ran Asabar na shiga wani baje kolin tsofaffin hotuna. Sai ga ruwan Gurara a bango, ma'aikatan jirgin ƙasa sun je shan iska, ɗaya ya rungume rediyo mai lanƙwasasshiyar eriya. Rediyon Baba ne, wanda yake ara wa duk wanda zai ɗauka a hoto don ya fito kamar mai hali. A ƙasa an rubuta wai ba a san wanda ya ɗauki hoton ba. Baba fa, mutumin da ya tsufa a kan duwatsun nan, kansa cikin baƙin ƙyallen kyamara.

Ba zan tambayi yadda hotunan suka bar akwatinsa ba. Mu biyu ke da mukulli, ni kuwa ina nan.

Mai baje kolin ta ce in kawo shaida kafin a sauke hotunan, kuma sai ta rubuta sunansa. Ka ba maƙwabcinmu Rilwanu rediyon in zai taho sari kasuwar Deira ta nan Dubai. Allah ya jiƙan Baba. Kada kowa ya miƙe eriyar nan.

Ƙanwarka,
Najiba