Rigar Kanari a Cikin Gilas

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da shago da masu kawo ɗinki. Na san in na kira ki, rabin hirar "Na'am? Me kika ce?" za ta zama, tunda kunnen nan naki ya ƙi waya. Shi ya sa na ɗauko biro, don maganar ba ta ihu ba ce.

Ranar Talata ba ni da aiki a asibiti, sai wata abokiyar aikina ta matsa min in raka ta sabon gidan tarihin da aka buɗe a nan, na waƙa da fim da talabijin. Yaya, ashe mun tsufa! Duk abin da muka taso da shi an sa shi a gilas. Ga faifan garmaho, ga talabijin mai ƙusumbi, ga bango guda na fastocin fim. Wata yarinya ta nuna kaset tana tambayar uwarta ta ina ake kunna shi. Dariya na yi ta yi har muka hau bene.

A benen ne dariyar ta ƙare. Akwai ɗaki na tufafin mawaƙa, a tsakiyarsa kuma ga shuɗiyar rigar mawaƙiyar nan Kanari, wadda ta yi waƙa da ita a talabijin har duk matan gari suka koma neman irinta. Mai duwatsu farare daga wuya zuwa hannu. Rigar da Inna ta ɗinka, Yaya! Shekarata bakwai lokacin, amma na tuna ta a rataye a shagonmu, na tuna dukan da na sha a hannu da na taɓa ta.

Kin san me aka rubuta a katin da ke ƙasa? "Ba a san wanda ya ɗinka ba." Ban san lokacin da na fara hawaye ba. Na nemi matar da ke kula da ɗakin, na ce mahaifiyata ce. Ta saurare ni da kyau, ta ce za su gyara katin in an kawo shaida. Don Allah ki buɗe akwatin Inna ki duba, ko hoto, ko takardar awo, ko ƙyallen da ya rage.

Ki gaida maigidan da yara.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, muna lafiya. Ɗinki ya yi yawa, bayana ne kawai ke ƙorafi.

Akwatin Inna babu komai sai zannuwanta da tabarau ɗin da ba ta taɓa yarda ta saka ba. Ki bar wa mutanen nan katinsu. Inna ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙasa, ba ta aiko tana neman suna a gilas ba. Ke dai tun kina ƙarama in kika kama abu sai an ɓamɓare ki.

Ki riƙa cin abinci. A hoton da kika aiko wuyanki ya yi tsawo.

Yayarki

*

Zuwa ga Malama, 'yar marigayiya mai ɗinki,

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna godiya da ziyarar da kika kawo mana, da bayanin da kika yi game da shuɗiyar rigar da ke sashenmu.

Bayan tafiyarki mun fito da rigar, muka juya cikinta muka duba. Jikinta ɗinkin keke ne, amma kalmasar ƙasa da dasa duwatsun duk aikin hannu ne, kuma aiki ne da ba mu da irinsa a cikin tufafi fiye da ɗari da ke hannunmu. Abokin aikinmu mai gyaran tsofaffin tufafi ya lura da wani abu: ɗinkin hannun ya karkata ne saɓanin yadda aka saba, daga hagu zuwa dama. Ya tabbatar mana cewa aikin bahago ne.

Idan mahaifiyarku bahaguwa ce, wannan ya ishe mu shaida, tare da takarda daga iyalinta. Muna jiran amsarki.

Huta lafiya,
Mai kula da sashen tufafi

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga takardar da gidan tarihin suka aiko min, na haɗo miki da ita. Ki karanta a zaune.

Kwana uku tana cikin jakata ina jujjuya ta. Inna da dama take cin abinci, da dama take riƙe almakashi, da dama take ja min kunne. A gidanmu kaf mutum ɗaya ce bahaguwa, wadda sai da aka nemo mata almakashi na daban.

Ban ba su amsa ba tukuna. Ina jiranki.

Auta

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Sati biyu ban amsa ba, ba fushi nake ba. Sau huɗu ina farawa ina yagewa. Yau na rufe shago da azahar, na ce wa masu jira bayana ne ya motsa.

E, ni na ɗinka.

Ke a saninki idon Inna ya mutu ne bayan kin shiga makarantar koyon jinya. Ba haka ba ne. Tun shekarar da Baba ya rasu ya fara dushewa. Wata rana da safe na shigo na tarar da ita ta fi minti goma tana neman kafar allura, zaren yana wucewa ta gefe. Da ta ji motsina sai ta miƙo min allurar da zaren. Na saka mata. Washegari ma haka. Kafin wata uku ni nake kan keke a ɗakin baya, labule a sake, ita tana gaba tana karɓar mutane. Ta ce in mata suka ji cewa tela ba ta gani, ko tsumman goge ƙafa ba za su sake kawowa ba, mu kuma shagon nan ne ci da shanmu, da makarantarki.

Shi ne aka ce na bar makaranta don kaina ba ya ja. Ni da Inna muka shirya wannan maganar, ni na ma kawo ta, don ta fi saurin shiga kunnen mutane. Shekarata sha shida.

Kada ki ɗauka Inna ba ta yi komai a rigar ba. Da Kanari ta shigo shagon, da tabaranta da ƙamshinta da mutum biyu a bayanta, Inna ce ta auna ta. Ta ɗora tef don idon mutane, amma da tafin hannu ta yi awon, ta shafa kafaɗa ta shafa ƙugu tana jan ta da hira. Ni ina bayan labule ina rubuta abin da take faɗa da ƙarfi kamar da kanta take magana. Ita ta yanka yadin, da lalube, ko alli ba ta sa ba, kuma ban taɓa ganin yanka irin wannan ba har yau. Ni na haɗa, ni na dasa duwatsun, kwana tara. Duk layin da na gama sai ta bi shi da ɗan yatsa. Hannun rigar na hagu sau uku tana sa ni in farke. A na ukun na jefar da rigar na ce ta ɗinka da kanta in ta isa. Sai ta durƙusa tana laluben rigar a ƙasa. Auta, wannan durƙuson har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Ranar da aka nuna waƙar muka je gidan maƙwabta kallo, kina kan cinyata. Mata suna ta shewa suna yi wa Inna barka, ita kuma ta kafa wa akwatin talabijin ɗin ido tana murmushi kamar tana gani. Ta sunkuyo ta ce min a kunne, "Hannun ya zauna?" Na ce ya zauna. Ta ce, "To."

Ta roƙe ni kada in faɗa, ban faɗa ba. Ko maigidan bai sani ba. Ban yi da-na-sani ba, amma ba zan yi miki ƙarya ba, na so makaranta. Kaina yana ja.

In aka rubuta sunana, na tona mata asiri. In aka rubuta nata ita kaɗai, an yi ƙarya, ga shi mutanen sun riga sun gano. Shi ya sa na ce ki bar katin.

Ki huta lafiya.

Yayarki

*

Yayata,

Wa alaikumus salam. Na karanta a ɗakin hutun ma'aikata, sai da na nemi wata ta riƙe min marasa lafiyata na ɗan lokaci.

Na tuna ranar da na kawo sakamakon jarrabawata kika ce in ba ki ki gani, na ce me za ki gane a ciki. A gaban mutane na faɗa, har aka yi dariya, ke ma kika yi. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Ki yafe min, Yaya.

Ba zan ce wa gidan tarihin komai ba. Maganar taki ce, ke da Inna. Abu ɗaya nake roƙo: ki zo ki ga rigar. Ko ba a canza kati ba, ki zo ki gan ta. Zan zo tasha in ɗauke ki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum, gaisuwa mai yawa. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki yi min faɗa, ni ce babba.

Na je. Ranar Laraba na hau motar farko, na dawo a ta la'asar. Ban neme ki ba don na san za ki tsaya a gefena kina kallon fuskata kina share hanci, ni kuwa so nake in ga aikina kamar yadda tela ke duba aiki.

Wurin ya yi kyau, ba laifi. Amma rediyon da suka killace a ƙasa har da igiya kada a taɓa, irinsa ne sak a shagona, kuma nawa yana aiki. Na ce wa mai gadin in suna neman tsofaffin kaya ga ni nan, a sama min gilas daidai tsawona. Ya yi dariya har ya raka ni bene.

Na fi awa ɗaya a gabanta. Ta fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Shuɗin ya ɗan koɗe a kafaɗa, duwatsu biyar sun zube a wuya, na ƙirga gurbinsu. Amma hannun yana nan zaune daram. Inna ce ke da gaskiya, da an bar shi yadda na fara yi da tuni ya saki.

A gefe akwai abin saurare da ake ɗorawa a kai, ya rufe kunnuwa. Wata ma'aikaciya ta ɗora min ta ƙure ƙarar. Auta, na ji waƙar. Tsaf, har da numfashin da take ja kafin amshi. Rabona da jin waƙa haka ya fi shekara goma. Sau uku na sa aka maimaita min, mutane na layi a bayana, ko a jikina.

Da na cire, sai na ga wasu 'yan mata biyu sun tsaya suna karanta katin. Ɗaya ta ce, "Kai, wanda ya yi wannan ko sunansa ba a sani ba." Ɗayar ta ce ai ƙila daga waje aka kawo ta. Daga waje! Yankan Inna! Nan ne raina ya ɓaci. Na ce a kira min mai kula da ɗakin.

Da ta fito na ɗaga mata hannun hagu na ce, "Ga bahaguwar." Ta kai ni ofis ta ba ni kujera, na faɗa mata komai, har da idon. A mota na yi ta tunani ko na karya alkawari. Amma abin da Inna ta ji wa tsoro shi ne a daina kawo mata ɗinki. Yanzu ba mai iya ƙwace mata komai. Kuma matar da ta yanka wannan riga ba ta gani, ban ga abin ɓoyewa a nan ba, abin a faɗa ne.

Za su rubuta sunaye biyu, nata a sama. Matar ta so ta sa nawa a gaba, na ce a'a, yanka ake fara yi kafin ɗinki. Sun kuma roƙe ni in dawo wata mai zuwa in mayar da duwatsun da suka zube, wai mai gyaransu yana tsoron taɓawa. Gara da ya ji tsoron.

Maganar yafiya kuma, ki bar ta. Yarinya ce ke, abin da aka faɗa miki kika maimaita. Na yafe tun ranar.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kin shigo garin nan kin fita ban sani ba, za mu yi wannan shari'ar in mun haɗu.

Akwai tambayar da ban taɓa yi miki ba, kusan shekara arba'in. Da kin ci gaba da makaranta, me kika so ki zama?

Kada ki rubuto. Na ɗauki hutun sati guda, ina tafe ranar Asabar. Daga bakinki nake so in ji.

Taki har kullum,
Auta