Gwangwani Nawa Na Zuba

Litinin, 3 ga Maris

Yau kwana uku da ranar jarkar, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Maigida zai fita ya ce, “Amarya, haɗa min man inji. Gwangwani ɗaya na baƙin mai a jarkar fetur, ɗaya tak.” Tun da aka kawo ni gidan nan ni ke haɗa masa, don zarton injin da yake sare itatuwa da shi ba ya shan fetur zalla. Ranar ina shafukan ƙarshe na littafin da na aro, an kai jarumar asibiti, masoyinta bai sani ba. Na zuba gwangwani da hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Da na gama babin sai na ga gwangwanin a hannuna, na rasa na zuba ko ban zuba ba. Na sake zubawa. Ina jin ma sau uku ne. Na ga man ya yi duhu, na girgiza jarkar na mayar da ita lungu.

Washegari Yaya, wan maigida, ya zo aron injin. Maigida ya cika masa tanki daga jarkar. Kafin azahar Yaya ya dawo da shi, wai sai hayaƙi yake yana mutuwa.

Laraba, 5 ga Maris

Wuni biyu maigida yana tsugune gaban injin a tsakar gida. In ya ja igiya injin ya tashi, muddin yatsansa na kan totur. Yana sakewa sai ya yi tari biyu ya mutu. Ya ce silo ne ya ƙi tsayawa, wato ɗan gudun da inji ke yi a hankali in an saki totur. Ya kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin, jage-jage da mai. Ya goge ya mayar. Ya wanke matatar iska ya shanya a kan igiyar wankina. Ya yi ta murɗa ɗan ƙusan kafireta, kunnensa a jikin injin kamar likita.

Ni ce mai miƙo sukudireba.

Sau biyu na buɗe baki. Na farko na ce ko zai sha ruwa.

Alhamis, 6 ga Maris

“Lafiya ƙalau ya bar gidan nan.” Yau maigida ya faɗa ya fi sau goma.

Asabar, 8 ga Maris

Maigida ya kai wa makaniki injin. Ya kira ni daga can: makaniki ya tsiyaye tankin, ya ce wannan ba haɗi ba ne, kunu ne. Maigida ya ce masa matata ke haɗa min, hannunta bai taɓa kuskure ba, Yaya ne ya ƙara nasa a kai. Yana faɗa min yana jira in ji daɗi. Na ce, “To.”

Abin da na yi bayan na ajiye wayar shi ne mai wuyar rubutawa. Na zubar da fiye da rabin jarkar a ramin bayan gida, na cike ta da fetur ɗin babur. Da ya dawo ya tsiyayi kaɗan a murfi, ya ɗaga wa rana. “Kin gani? Naki fes.”

A littattafai in mace ta yi laifi ba ta iya cin abinci. Ni na ci, har na ƙara.

Lahadi, 9 ga Maris

Injin na zaune a silo yana gurnani kamar kyanwa. Maigida ya ce ƙararsa ta fi masa muryata daɗi, na yi dariya don ya ga na yi.

Talata, 11 ga Maris

An yi ta a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ina bakin ƙofa da butar shayi. Maigida ya ce ba lalacewar ce ta dame shi ba, musun ne. Yaya ya ce, “Ni da na koya maka riƙe zarto zan zuba wa inji kunu?” Maigida ya ce tsufa kan zo da mantuwa. Inna ta ce, “Kai ƙarami, yayanka ne fa.” Yaya ya sa takalminsa. Da zai wuce ni ya ce, “Ƙanwata, yi haƙuri, yau ba zan sha shayinki ba.”

Ni yake ba haƙuri.

Juma'a, 14 ga Maris

Matar Yaya ta kawo igiyar jan itace da maigida ya bari a gidansu tun bara. An ce ta dawo da duk abin da yake namu. Ta ce Yaya da gatari yake fita yanzu, tafukansa duk sun yi bororo, ita ke ɗaure masa su da tsumma. Ta kawo min sabon littafi kamar kullum. “Wannan sai ya sa ki kuka,” in ji ta.

Babu wanda zai taɓa ganewa. Na duba ta ko'ina, babu.

Asabar, 15 ga Maris

Na rubuta yadda zan faɗa wa maigida har kashi huɗu, da hawaye da durƙuso da kalmomi masu daɗi. Duk sun fito kamar ni aka zalunta. Na yage su.

Yau ya miƙo min gwangwanin zai fita. Na ce ya tsaya a haɗa a gabansa. Ya ce yana sauri, ai ya yarda da ni.

Da la'asar zai dawo. Zan bari ya wanke hannu, sannan in ce ni na zuba, kuma ni na sauya jarkar. Ta biyun ce nake tsoro. Daga nan zan ɗauki mayafina in tafi gidan Yaya, ko ya raka ni ko bai raka ni ba.