Kwanon Inna Hamsatu

Malanville, daren Nowel, bikin haihuwar Yesu.

Bana ma na aika ma maƙwabta shinkafa da kaza, yadda na saba tun ana ce ma ƙasar ga Dahome. Malam Idi munka kai ma kajin ya yanka, don kada a ce yankan Kirista ne. Duk da haka kwanonin sunka dawo a rufe, ba a taɓa ba. Na gaji. Na ce ma maigida baɗi ba ni dafa ma kowa.

Bayan magariba jikar maƙwabciyarmu Inna Hamsatu ta maido kwano na ƙarshe, wankakke, da albasar ƙauyen Garou a ciki. Ta ce, "Madam, Inna ta ce gishiri ya yi yawa."

Ashe ta ci. Ubangiji Yesu, ƙarfina ya ƙare, sai naka. Baɗi in rage gishiri.