Ni na zaɓa masa yis ɗin, ni kuma na karya masa hannu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, don a jere abin ya faru kuma a jere zan faɗe shi.

Ni mai gidan burodi ne a Rano, na daɗe a sana'ar. Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da ƙanena, zan kira shi Habu. Magidanci ne, yana noma a Tarai inda gidanmu na gado yake, da rani yana kai albasa Kano. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba a gidan, kuma kowa ya san ba na wasa da tarbiyya.

Kwanakin baya ya same ni a wurin aiki da wani kwali da ya sayo a Kano, ya ce kayan haɗa lemon inabi ne, matarsa za ta gwada sayarwa. A ciki akwai ruwan inabi mai kauri, da siririn tiyo, da 'yar ledar yis. Rubutun jikin kwalin Turanci ne, ni kuma iyakata firamare, ban wahalar da kaina ba. Tambayarsa ɗaya, wai yis ɗin kwalin zai sa ko namu na burodi ya fi. Maimakon in tambaye shi me ya haɗa lemo da yis, sai alfaharin sana'a ya ɗebe ni. Na zazzage nasu a tafin hannu, na shinshina, na ce wannan ko fanke ba zai tayar ba. Na cika masa gwangwanin madara da nawa. Na ƙara da cewa ya jefar da tiyon ya toshe bakin jarkar da zai haɗa lemon a ciki tam, don mu a wurinmu kwaɓin da ya sha iska ba ya tashi.

Bayan kwana shida na je Tarai, aka ce yana gona. Tun kafin in kai bukkarsa wari ya tare ni. Jarkar ta fashe, kumfa ta wanke bango, shi kuma yana tsugune da moɗa yana kwalfar abin da ya rage yana kurɓa. Na tambaye shi mene ne wannan, sai ya yi dariya ya ce, Yaya ai yis ɗinka ya fi ƙarfin jarkar. A nan na gane giya ce, kuma da hannuna aka haɗa ta.

Ƙotar fartanya ce kusa da ni. Na farko a gadon baya na sauke masa, na biyu a kafaɗa, na uku ya ɗaga hannu ya kare kansa, na ji ƙarar ƙashi. Ban tsaya ba. Na ci gaba da jibgarsa yana birgima a cikin kumfar, na haure shi a baki haƙora biyu suka fita, har na kasa bambance jininsa da jan ruwan da ke ƙasa. Yana ta cewa Yaya ka yi wa Allah, sai da ya daina magana gaba ɗaya sannan hannuna ya sauka.

Ni na goya shi a mashin zuwa wurin mai ɗori a Kibiya. A hanya da ya farfaɗo ya roƙe ni kada Inna ta ji maganar giyar, shi kuma ba zai faɗi wanda ya dake shi ba. Na yarda. Muka ce daga mashin ya faɗo.

To Inna ta ga bayansa ranar da ake gasa masa jiki, ta ce ita ba yarinya ba ce, mashin ba ya yi wa mutum shatar sanda a jere. Nan take ta ɗora laifin a kan maƙwabcin gonarsa, wani dattijo da suka yi cacar baki a kan iyaka da daminar bara. Aka tambayi Habu ya yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin e. Yanzu 'ya'yan kawunmu su huɗu sun wasa adduna, jiya sun yi wa ƙofar dattijon ruwan duwatsu, sun ce a hanyar kasuwa za su tare shi. Kuma ni suka zo wa in ja gaba. Ɗayansu har yana min gori, wai Yaya kai da ba ka barin ta kwana, yau an taɓa ɗan ɗakinku ka yi laƙwas? Na ce su ba ni zuwa Juma'a.

Na koma wurin Habu na ce zan faɗa. Ya dube ni da kumburarren bakinsa ya ce in faɗa mana, amma in faro daga wanda ya cika gwangwanin. Inna kuwa tana da hawan jini, kuma da ni take buga misali a dangi cewa ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Jibi ne Juma'a. In zaunar da Inna in faɗa mata komai, har da giyar, in karya alkawarin da na ɗauka? Ko in ce ni na dake shi kawai in ɓoye dalili, alhali na san sai ta tambaya? Wanne zan fara, kuma ta yaya, kafin a sari mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba?