Kowa Ya Hana Ni Shiga, Kowa Yana Jiran In Haura Katanga

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Adimin don Allah a ɓoye sunana da na garinmu, don duk wanda ya san yankinmu yana ji zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ya rage mini, ranar Asabar za a zaunar da ni gaban Dagaci, kuma wallahi har yanzu ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Ni marini ne, magidanci, da mata da yara biyar, a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Gezawa. Muna da karofi a garinmu, wato wurin ramukan rini, kakanninmu suka haƙa shi tun zamanin sarakunan da, kafin zuwan Turawa, lokacin da fatake ke zuwa da raƙuma su sayi baƙin yadi su yi arewa da shi. Shekarun baya wani Alhaji daga birni ya sayi wurin a hannun magada, ya zagaye shi da katanga, ya sa get, ya yi masa rajista ya zama kamfani, ya kawo ɗan ƙaninsa ya zama manaja. Mu kuma ma'aikata, masu rini da masu bugun yadin da aka rina, muka kafa ƙungiya, muka zaɓi ƙanin mahaifiyata ya zama ciyaman. Kawu zan riƙa kiran sa a nan. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya tsaya mini a aurena, ban taɓa ɗaga ido na yi masa musu ba.

Sai na yi muku bayanin aikina, in ba haka ba ba za ku gane inda abin ya ci ni ba. Ramin rini in aka yi masa sabon haɗi, aka zuba ruwa da toka da shuni, kullum sai an motsa shi safe da yamma da wata doguwar sanda da muke kira muciya, har ya nuna ya yi kumfa. In aka bar shi kwanaki ba motsi sai ya mutu, ya koma ruwa mai wari, ko zare ba zai kama ba. To a zamanin kakan kakana an taɓa yin rigima tsakanin masu ramuka da masu tsoma hannu, marina suka yi fushi suka tafi gonakinsu, ramuka suka mutu, fatake suka zo suka tarar ba kaya suka wuce wani gari, aka ce sai da aka yi shekaru ba su waiwayo mu ba. Daga nan dattawa suka ɗaura alkawari a masallaci, ko wace irin rigima ake yi, mutum ɗaya ba ya cikinta, shi ne mai muciya, ba ya bayan masu wuri ba ya bayan ma'aikata, shi na ramuka ne. Aka ba kakan kakana, saboda baƙo ne daga Barno, ba shi da ɓangare. Tun daga ranar ake kiran gidanmu Gidan Muciya. Kakana ranar da aka binne matarsa sai da ya je ya motsa ramuka kafin ya zauna karɓar gaisuwa, mahaifina kuwa shekarar da kurkunu ya kama shi da rarrafe ya riƙa zuwa. Da waɗannan labaran aka yaye ni.

Bana da damina ta faɗi, sai Manaja ya liƙa takarda a get, wai daga yanzu ƙarfe takwas kowa ya kasance a bakin aiki, wanda ya makara sau uku an sallame shi. Mu kuwa dukkanmu manoma ne, tun da muka buɗe ido da damina gona ake zuwa da safe, sai bayan azahar a shigo karofi a yi ta yi har magariba. Gonakinmu ƙanana ne a manne da juna, in ka bar taka ta yi ciyawa har maƙwabcinka sai ya yi kuka da kai. Shi Manaja a ganina ba mugu ba ne, ɗan boko ne dai da bai taɓa riƙe fartanya ba, hujjarsa wai akwai babbar oda daga wasu 'yan kasuwar Nijar, dole a gama kafin Sallah. Ƙungiya ta same shi ya ce a rubuto, aka rubuto ya ce ya tura sama, kafin saman ta amsa ya sallami dattawa uku, ɗaya daga ciki ya girmi ubansa. Kawu ya kira mitin aka yanke yajin aiki. Ni ma a raina ina tare da su, don ni ma ina da gero a gona. Amma ranar da Kawu ya zaɓa, kwana huɗu ke nan da zuba shunin shekara gaba ɗaya a ramuka ashirin da shida, kuma da gangan ya zaɓe ta, ya ce a nan ne za a kama Manaja a wuya.

Ranar farko da safe na saɓa muciyata na nufi get kamar kullum, don a sanina yajin aiki bai shafe ni ba. Kawu ya tare ni a gaban jama'a, ya zare muciyar daga kafaɗata, ya ce wancan alkawarin na zamanin da ne, lokacin ba kamfani, yanzu duk wanda ya taka get ɗin nan maci amana ne ko da ɗan yayarsa ne. Aka yi ta tafi. Na ce Kawu to ramukan fa, ya ce ramukan na ubana ne? Jama'a, wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk da haka na daure na ƙarasa get ba komai a hannuna, sai na tarar da sabon kwaɗo, maigadi ya ce Manaja ya tafi birni da makulli, ya bar sallahu ko akuya kada ta shiga. Na kira shi a waya na ce ranka ya daɗe ramuka za su mutu, ya ce tunda mun ce ba mu yi to mu zauna, shi duk ɗaya muke a wurinsa, ya kashe. Na sake kira har kati ya kusa ƙarewa bai ɗaga ba.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai muciyar mahaifina a rataye a ɗakin mahaifiyata Inna, kuma a bayan karofi akwai inda ruwa ya zubar da katanga, ko tsohuwa za ta tsallake, kowa ya san wurin, nan muke bi in mun makara. Rana ta uku da hantsi na ɗauki muciyar na zagaya ta cikin dawa na je na tsaya a wurin. Daga nan ina jin warin ramukan ya fara sauyawa, na san warin nan kamar yadda na san muryar 'ya'yana, kuma na san in na shiga a ranar za su tashi. Na sa ƙafa ɗaya a kan bulo. Sai zuciya ta ce mini, an tozarta ka a gaban jama'a, an kashe maka waya, kai kuma za ka haura kamar ɓarawo ka gyara musu, bari dai wani ya zo ya roƙe ka. Na sauke ƙafata na juya na tafi gona. Ba wanda ya gan ni. Na zauna ina jiran Kawu ya aiko ko Manaja ya kira, shiru kake ji. A rana ta tara aka sasanta aka buɗe get, ramuka ashirin da shida ba ɗaya mai rai.

Shuni ba ya samuwa sai da kaka, 'yan Nijar suka janye odarsu suka kai wani wuri, Alhaji ya rufe kamfani. Gari ya rabu biyu, a wurin mai shayi da ƙofar masallaci ba maganar da ake sai wa ya kashe karofi, waɗannan su ce ƙungiya ce da taurin kai, waɗancan su ce Manaja ne da girman kai, har matan da suka saba aika wa juna kunu suka daina. Ni dai ina ganin a cikin su biyun ne za a fitar da mai laifi.

Ashe ban san komai ba. Na je gaida Kawu, ko ruwa ba a kawo mini ba ya rufe ni da faɗa, wai shi ya ɗauka zan bi ta baya, abin da ya yi a gaban jama'a ya yi ne don kada yajin ya karye, yaushe aka fara hana ɗan Gidan Muciya da fatar baki, ubana da rarrafe ya je ni kuma an ɗan ɗaga mini murya na yi zuciya. Bayan kwana biyu sai ga Manaja har gona, takalminsa duk taɓo, shi ma waƙar ke nan. Wai tun zuwansa aka gaya masa akwai wani gida da ko sama da ƙasa za su haɗu sai sun motsa ramuka, shi ya sa ya kulle ya tafi hankalinsa kwance, ya san da ɓarakar katangar, da gangan ya ƙi gyarawa. Kun ji fa. Wannan ya ƙwace sanda, wancan ya sa kwaɗo, kowa ya nuna wa mutanensa shi namiji ne, kuma dukkansu sun jingina da bayana ba tare da ɗaya ya raɗa mini ko kalma ba. Da Kawu ya ƙifta mini ido kawai ranar nan, da ba a kai ga haka ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Alhaji ya gaya wa Dagaci in ta tabbata ƙungiya ce ta hana a motsa ramuka, zai cike su da ƙasa ya yanka filin ya sayar. In kuma aka ce Manaja ne, kowa ya san ba zai yarda ba, ɗan ƙaninsa ne, zai ce mun haɗa masa kai ne, nan ma sayarwar ce. To sai ga Kawu da Manaja, mutanen da ko gaisawa ba sa yi, an gan su a mota ɗaya sun nufi birni, suka dawo da magana ɗaya, wai ba wanda ya hana mai muciya, sakacinsa ne. Alhaji ya ce in haka ne da sauƙi, da kaka zai sake zuba shuni a buɗe, amma a sallame ni, a kuma karɓe muciya daga gidanmu har abada. Mutanen da suka yi tafi ranar da aka ƙwace mini sanda, yau duk wanda na tara sai ya ce shi yana can baya bai ji abin da aka ce ba. Maigadi ma ya ce bai tuna na zo ba. Kawu bai iya zuwa da kansa ba, ta wurin Inna ya aiko, wai in yi haƙuri ranar Asabar in ce kuskure na yi, magidanta arba'in za su koma aiki, ni kuma daga baya za a san yadda za a yi da ni.

Inna ta isar da saƙon, da na shiga washegari sai na ga ta sauke muciyar mahaifina daga bango ta tura ƙarƙashin gado. Ban san abin da take nufi ba, kuma na kasa tambaya, ga ƙaninta ga sunan mijinta. Matata ta ce in tona kowa, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Aminina ya ce a bar kaza cikin gashinta, in na tona aka sayar da filin, ni za a riƙa nunawa da baki har jikokina. Ni kuwa abin da ke cin raina, ƙaryar da suka shirya akwai gaskiyata a cikinta, su ba su ma sani ba. In na ce an hana ni, gaskiya na faɗa, amma in Dagaci ya ce to ba ka da wata hanya, me zan ce? In kuma na ce sakacina ne, nan ma ban yi ƙarya duka ba, sai dai na wanke mutum biyu da suka yi caca da abincin gari, suka kuma sayar da ni a mota ɗaya. Laifi tudu ne na sani, na ga nawa, amma ban yarda nawa ya kai nasu ba.

Yau da nake alwalar azahar na lura farcena ya fara yin fari. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu hannuna shuɗi ne, da shi na ɗauki 'ya'yana, da shi na sa mahaifina a kabari, ban taɓa tunanin zan ga ranar da zai koma kamar na kowa ba.

Don Allah masu ilimi da waɗanda suka taɓa aikin kamfani, ku duba mini. In ɗauki laifin ni kaɗai karofi ya tashi ba ni a ciki, sunan gidanmu ya mutu a hannuna? Ko in faɗi duka, na Kawu da na Manaja da ƙafar da na sauke daga kan bulo, in ya so a cike ramukan kowa ya rasa? Zan karanta komai, har zagin, don na san akwai wanda na cancanta. Ku dai gaya mini, ranar Asabar in Dagaci ya dube ni ya ce wa ya kashe ramukan nan, da sunan wa zan fara?