Ku Bar Mani Kurmin da Nake Numfashi da Shi

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke aikin hanyar Faskari zuwa Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Kofur Sada mai ritaya, manomi a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya. Na zo sansaninku, maigadi ya ce ba ka da lokacin manoma. Shi ya sa na biyo ta jarida, tunda an ce ita kana karanta ta.

Na farko, ka san mai magana. Na yi soja, na dawo daga yaƙi da ciwon huka, wanda likitoci ke kira asma, kuma saboda shi aka sallame ni. Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira ko guga ba na iya ja. In ta taso mani sai ƙirjina ya riƙa kuka kamar an shaƙe ɗan akuya, mai ɗakina Hajara na yi mani fifita tana hawaye. Ƙwayar asibiti tana aiki, ban taɓa musu ba, har gobe in abin ya yi tsanani can ake kai ni. To amma da damina wace mota ke shigowa garinmu?

Baba Nomau ne, wani dattijon Bamaguje na wajen Pauwa, Allah ya yi sanadin samun sauƙina a hannunsa. Da ya leƙa ɗakina bai ko kwance jakarsa ba, ya ce, "Soja, fitar da murhun ga, ka kori kajin da ke ƙarƙashin gado, sannan mu yi zancen saiwa." Ya hana ni taba, ya hana ni tsayawa wurin sussuka da shiƙa. Daga nan ya ja ni kurmin da ke bayan gonata, wanda na gada wurin mahaifina, ya nuna mani ganyen sabara, da ɓawon marke, da ciyawar nan nonon kurciya, da yadda zan dafa su da citta in sha da zuma, in yi sirace in sanyi ya shigo. Ya ce, "Ban ce zan raba ka da ita ba. Zan dai koya maka zama da ita."

Na kuwa koya. Na ɗora amya a kan itatuwan, kudan zuma suka shiga. Bara ni na yi huɗar gonata da hannuna, na cika rumbu da dawa, ban roƙi kowa ba. Mutumin da aka rubuta wa takarda cewa ba ya da sauran amfani!

Na biyu, ga abin da yaranka suka yi. Bayan ƙaramar sallah suka shigo kurmin ba sallama, suka ce ƙarƙashinsa akwai marmara mai kyau ta burji. Katafila ta tumɓuke babban marken da Baba Nomau ya fara sassaƙa mani, ta murƙushe amya da zumar da ke ciki. Da na yi magana, helma, shugaban ma'aikatan, ya yi dariya, ya ce zamanin man fetur ne, wa ke shan ganye? Yanzu sun kafa turaku masu jan fenti kewaye da ragowar, sun ce da sun gama gada za su dawo.

Na uku, kurmin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Baba Nomau ya rasu, abin da ya sani ya bar shi a hannuna. Malam Isiya, liman a wajen Sabuwa, da a da ba ya iya kai ƙarshen sura sai numfashi ya yanke masa, nan yake aikowa. Haka wata tsohuwa daga Ƙanƙara. Ban taɓa karɓar ko kwabo ba, kuma duk wanda na ga leɓensa ya sake launi, asibiti nake tura shi.

Ranka ya daɗe, ni ba maƙiyin hanya ba ne. Wanda aka taɓa ɗauka a amalanke yana haƙon numfashi ya fi kowa son kwalta. Ga roƙona: a cire turakun nan. Akwai fako mai marmara gabas da gari, ko ciyawa ba ta fitowa, ni zan kai ku da ƙafata. Diyya kuma ku riƙe abinku, ba a dasa marke da naira. In ka samu sarari ka zo ka gani da idonka.

Abu ɗaya ya rage. Direban katafilar da ya ture mani itace ya zo gidana ranar Juma'a, ƙurar aiki ta kama masa ƙirji, yana ta sunkuyar da kai. Na shimfiɗa masa tabarma, Hajara ta dafa masa sabara, na ba shi zumar da ta saura. Ko kun tone kurmin ko kun bari, in ya dawo zan ba shi, muddin akwai ganyen da zan tsinko.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aikinka cikin nasara, ya tsare ka da zuriyarka daga sanin darajar numfashi ta hanyar da na san ta.

Wassalam.

Kofur Sada mai ritaya,
daga ƙasar Faskari.