Karyar Ishaya

Alhamis, da dare

Yau aka yi wa Zuma, karyar ɗana Ishaya, aikin hana haihuwa a wani asibitin dabbobi da ke Wendover. Kuɗin ya kusa albashina na mako guda, wai inshorar da Ishaya ya yi mata ba ta ɗaukar irin wannan aiki. Na biya ina gunaguni, ni da ban taɓa son kare a gida ba.

Da muka dawo ta ƙi abinci, ta lallaɓa ta kwanta a ƙofar ɗakinsa. Watansa biyar da tafiya soja.

Na kira shi bai ɗauka ba, sai saƙo: "Mama, muna atisaye. Ki shafa mata kai."

Na zauna a ƙasa ina shafa ta. Na daɗe ban tashi ba.